Matsayin Murhu a Ƙagaggun Labaran Matan Littafi Mai Tsarki

A ƙasar Kagoma, kamar sauran sassan kudancin Jihar Kaduna, Hausa ta daɗe da zama harshen wa'azi da waƙar sujada, musamman tun bayan fitowar cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki a 1932. Saboda haka matan Zumunta sun san Saratu da Rifkatu da Rahila sanin 'yan gida ɗaya. Manufarmu a nan ita ce mu yi tarken wani nau'in ƙagaggen labari da ke ɗauko irin waɗannan mata ya sanya labari a bakinsu, mu kuma auna yadda yake sarrafa girki.

Misalin da muka zaɓa shi ne The Red Tent na Anita Diamant, wanda aka buga a Amurka a 1997. Tauraruwarsa ita ce Dinatu, 'yar Yakubu da Lai'atu. A sura ta 34 ta Littafin Farawa, ayoyi 31 ne suka ba da labarin abin da ya same ta a Shekem da ramuwar da Saminu da Lawi suka yi, amma ko kalma ɗaya ba a ji daga bakinta ba. Wannan shirun ne marubuciyar ta cike. Ta mai da Dinatu mai ba da labari, ta kuma janye mai karatu daga fagen maza zuwa tantin mata, inda ake gashin gurasa da saƙa da karɓar haihuwa.

A nan ne ƙarfin littafin yake. Macen da ta taɓa surfa acca, ko ta wuni tana tsaga citta don shanya, ta san cewa a bakin aiki mata ke faɗin abin da ba ya faɗuwa a zaure. Marubuciyar ta gane haka, shi ya sa zancen taurarinta ya fi armashi idan hannuwansu na cikin ƙullu.

Sai dai muna ganin rauni biyu. Na farko, ta juya abin da yawancin masu karatu suka ɗauka a matsayin fyaɗe ya koma soyayya. Ashe ke nan an bai wa Dinatu murya, amma an karɓe mata ƙararta. Na biyu, murhun littafin mafaka ce kurum, alhali a nassin kansa tukunya na yanke hukunci. Rifkatu da 'yan awaki biyu ta karkatar da albarkar Ishaku daga Isuwa zuwa Yakubu. Abigel kuwa, a 1 Sama'ila 25, da gurasa 200 da tumaki 5 da sauran guzuri ta tare Dauda da mutanensa 400, ta hana zubar da jini a gidan Nabal. Waɗannan mata da girki suka shiga sha'anin gado da na yaƙi.

Darasin da ke nan ga marubutanmu a fili yake. Balaraba Ramat Yakubu ta riga ta nuna cewa tsakar gida fage ne da ya isa ɗaukar babban jigo. Wadda za ta rubuta labarin Rut ko na gwauruwar Zarefat da Hausa tana da jari a hannu, domin kalar hatsi a gonar wani da ragowar gari a ƙasan tukunya ba baƙin abubuwa ba ne a Kagoma. Abin da muke nema gare ta shi ne kada ta tsaya ga yaba daɗin gwate. Ta nuna mana wanda aka dafa dominsa, da wanda aka hana, da abin da mai girkin take nema da shi.