Kafintan da ke tsare duhu a akwati

Wanda ya yi wayo kafin zuwan wayar salula ba zai manta da akwatin nan mai ƙafa uku ba, wanda ake kafawa a bakin tasha ko ƙofar kotu. Mai hoto ya zaunar da kai a benci, ya lulluɓa baƙin ƙyalle, ya ce, "Kar ka motsa, Malam." Ya cire murfin idon kyamara, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Sai ya zura hannu ta wani hannun riga da aka ɗinke a jikin akwatin yana lalube. Tasoshi biyu ne na magani a ciki: ɗaya ya fito da hoto, ɗaya ya zaunar da shi. Hoton farko yakan fito baƙi ya koma fari, sai ya liƙa shi gaban kyamarar ya sake ɗauka. Kafin shayi ya huce ka karɓi fasfo ɗinka.

Irin waɗannan akwatuna da yawa kafintocin gida ne suka harhaɗa su, ido kawai ake cirowa daga tsohuwar kyamarar Turai. Dama hoto da kafinta sun daɗe tare. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagon hotonsa a 1948 kuma duniya ke ji da shi yau, sassaƙar katako ya fara koya a hannun mahaifinsa.

A wani lungu na Agege, inda cinikin goro da layin dogo suka zaunar da Hausawa tun kaka da kakanni, na iske wani dattijo da wata kyamara a wargaje kan tebur, ta katako da tagulla, mai naɗewa. Ban ga ya taɓa guduma ba. Tocila ya fara ɗauka. Ya rufe ƙofa da taga, ya miƙe zugazugin kyamarar, wato fatar nan mai ninki-ninki da ke tsakanin ido da baya, ya cusa tocilar a ciki. Nan take kusurwoyin suka yi tsiri-tsiri da haske kamar taurari.

"Ka gani, yaro? Kowanne ɗigo ɓarawo ne," in ji shi.

Kafar da ba ta kai bakin allura ba ta isa ta ɓata hoto. Kuma Legas ba ta raga wa irin wannan kaya: danshi ya kumbura katako, fumfuna ta ci fata, har cikin gilashin ido takan yi saƙa. In aka kai kyamarar Arewa kuma hunturu ya tsaga ta.

Sabon zugazugi shi ne gwajin gwani. Baƙin ƙyalle a ciki, siraran yankakkun kwali a tsakiya, kowanne da awonsa, sannan fatar akuya da aka fefe ta yi laushi a waje. In tazarar kwali ɗaya ta kauce, ninkin ya karkace har ƙarshe. Rabin aikin na baduku ne, shi ya sa yake yabon fatar jar akuyar Sakkwato.

Katakon kuwa, kamfanoni irin su Deardorff na Amurka da Gandolfi na Landan sun fi amfani da mahogani, dangin madacinmu. Shi dattijon ba ya yarda da sabon yanka. Tsohuwar ƙofa ko fasasshen kabad yake nema, wanda ya gama bushewa shekaru aru-aru. Ya fere haƙoran kusurwa su shiga juna kamar yatsun hannu biyu, gam kaɗan, ba ƙusa ko ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne gilashin baya. Ya ɗauki gilashi biyu, ya barbaɗa garin wasa mai laushi, ya ɗiga ruwa, ya dinga murza su da juna har fuskar ɗaya ta yi dishi-dishi. A kanta ake saita hoto. Dole kuma ta zauna daidai inda fim zai zauna. In ta kauce ko da kaurin farce, hoton da ka gani tar a gilashi zai fito a dushe.

Da ya gama ɗaurawa ya fito da kyamarar bakin ƙofa, ya miƙo mini ƙyallen. "Leƙa." Na leƙa. Ga titi nan a kife, wata danfo mai ruwan ɗorawa tana tafiya tayoyi a sama, mai tallan burodi na biye da ita, kanta a ƙasa.