Ƙanzon Nama da Gwaiduwar Ƙwai

Curin naman bai fi girman ƙwan agwagwa ba. Mai tuya ya ɗauko shi daga firji da sanyinsa, ya ajiye a kan farantin ƙarfe wanda ya yi zafi har yana fitar da siririn hayaƙi, bai kuma shafa wa ƙarfen mai ba. Nan take ya kifa faffaɗan cokalin ƙarfe a kan curin, ya ɗora hannu biyu ya danne iya ƙarfinsa, yana murzawa gefe da gefe, har naman ya baje ya yi fale-fale, bakinsa ya tsattsage kamar bakin leshi. Ya barbaɗa gishiri da masoro, ya ƙyale shi kamar minti ɗaya da rabi. Da lokacin juyawa ya yi, sai da ya kankare shi, irin kankarar gindin tukunya, domin naman ya manne wa ƙarfen. Yana kifa shi sai ga fuskar ƙasa ta yi ruwan ƙasa mai duhu, ta bushe ƙayau, tana ƙyalli.

Amurkawa suna kiran wannan smash burger, wato bogar da aka danne. Amma Bahaushe yana da kalmar da ta fi dacewa da abin da ake nema a nan, ita ce ƙanzo. Duk wanda ya taɓa rububin gindin tukunyar tuwo ko ta dafa-duka da ƙannensa ya san inda abinci ya taɓa ƙarfe ya ɗan kama, nan daɗin yake taruwa. Danne naman dabara ce ta yawaita ƙanzo. Curi dunƙulalle ɗan gindinsa kawai ke taɓa ƙarfe. Idan aka baje shi, kusan rabin jikinsa ya koma fuska, fuskar kuwa ita ke kamawa.

Masana sun daɗe da bayanin abin. A 1912 wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana yadda sinadaran furotin da na sukari suke haɗuwa idan zafi ya kama su, su ba da launin gashi da ƙamshinsa, kuma har yau da sunansa ake kiran wannan sauyi. Sauyin ba ya kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Salshiyas, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Muddin akwai damshi tsakanin nama da ƙarfe, dahuwa ake yi, ba suya ba. Shi ya sa ake son ƙarfe mai kauri da ya haura digiri 200, wanda zai kore ruwan fuskar naman cikin daƙiƙu kaɗan, kuma shi ya sa ba a son kaskon nan mai santsi da abinci ba ya kamawa a cikinsa. Na gwada da shi sau ɗaya a gida. Ina ɗaga cokali sai naman ya tsuke, ya koma curinsa, ya fito fari-fari yana iyo cikin ruwan jikinsa. Mannewar nan da muke gudu a sauran girki, ita ke riƙe naman a shimfiɗe har ƙanzo ya samu.

Akwai wata doka da ta daɗe a bakin masu gashi a Amurka, cewa kada ka kuskura ka danna boga, za ka matse mata romo. Dokar gaskiya ce, amma da sharaɗin lokaci. Idan nama ya ɗauki zafi, kitsensa ya narke, ruwansa ya saki, to dannawa ɓarna ce. A farkon daƙiƙu talatin kuwa, kitsen yana nan a daskare, ruwan yana ɗaure cikin naman, babu abin da zai fita. J. Kenji López-Alt, marubucin littafin The Food Lab na 2015, yana cikin waɗanda suka gwada wannan suka yaɗa shi ga masu girki a gida. Dannawa sau ɗaya ce tak, a farko, daga nan hannu ya tashi.

Wanda ya san abin ta hotunan waya zai ɗauka sabon yayi ne. Ya girmi kakanninmu da yawa. Wajen 1916 wani mai tuya a Wichita ta jihar Kansas, Walter Anderson, yana baje curin nama a kan ƙarfe tare da albasa yana sayar wa ma'aikata. A 1921 ya haɗa hannu da Billy Ingram suka kafa White Castle, boga ɗaya senti biyar. A lokacin mutane na tsoron niƙaƙƙen nama, tun bayan da littafin Upton Sinclair mai suna The Jungle ya fito a 1906 ya tona ƙazantar mayankar Chicago. Don haka soya naman a gaban mai saye, cikin shago fari fat, wata hanya ce ta cewa ga shi ka gani da idonka. Gus Belt, wanda ya kafa Steak 'n Shake a Illinois a 1934, har niƙa naman yake yi a gaban jama'a saboda wannan dalili.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na garin El Reno a Oklahoma, a kan tsohuwar hanyar Route 66. A shekarun da tattalin arziki ya karye, nama ya yi tsada, albasa kuwa arha. Sai masu tuya suka riƙa yanka albasa siri-siri, su tula ta a kan ɗan ƙaramin curi, su danne su tare, albasar ta nutse cikin naman ta soyu a kitsensa. Boga ta yi faɗi, ta cika burodi, mai saye ya ƙoshi da senti kaɗan. Har yau shaguna irin su Sid's Diner da Robert's Grill haka suke yi, kuma garin yana shirya bikin wannan boga duk watan Mayu. Ashe tun asali dabarar talaka ce: nama kaɗan, wuta mai zafi, aiki cikin sauri, ga layi yana jira.

Abin da ya danne ta daga baya shi ne injin. Da manyan kamfanoni suka koma ga faifan nama da aka buga a masana'anta aka daskarar, babu sauran curin da za a danna. Su kuma gidajen abinci na masu hali suka nufi ɗaya gefen, boga mai kauri kamar dunƙulen hannu, ja a tsakiya. A 2001 mai girki Daniel Boulud ya fito da tasa bogar a New York, wadda aka cusa wa naman haƙarƙari da hantar agwagwa. Komawa ga ta dannawa ta zo a hankali: Shake Shack ta buɗe rumfarta ta dindindin a Madison Square Park a 2004, shekarar da George Motz ya fitar da fim ɗinsa Hamburger America yana bin ƙananan shagunan da ba su taɓa barin tsohuwar hanya ba, sannan kamfanin Smashburger ya buɗe a Denver a 2007 ya mayar da sunan dabarar sunan kasuwanci.

To, ina ƙwai ya shigo?

Bogar Anderson ba ta san shi ba, ta El Reno ma haka. Amma ƙarfen da ake soya boga da rana a ƙananan shagunan Amurka shi ake soya ƙwan karin kumallo da safe, don haka haɗuwarsu ba ta buƙaci wani mai hikima ba. Kuma wasu ƙasashe sun riga su nisa. Faransawa idan sun ɗora soyayyen ƙwai a kan nama sai su ce ya hau doki, Barazil ma haka suke cewa, kuma a rumfunansu akwai boga mai suna X-Egg. A Ostireliya bogar da aka ce a sa mata komai ba ta cika sai da ƙwai. Ko a cikin Amurka, a Hilo ta tsibirin Hawaii, tun 1949 ake cin loco moco, wato shinkafa da faifan nama da ƙwai da miya. A Japan McDonald's na fitar da bogar Tsukimi duk kaka tun 1991, ƙwan yana wakiltar cikakken wata. Maleshiya ta bi wata hanya: masu rumfar bogar Ramly sukan shimfiɗa ƙwan a ƙarfe fale-fale, su naɗe naman a ciki kamar ambulan.

Ni dai ina ganin ƙwai ya fi dacewa da bogar dannawa fiye da kowace irin boga, kuma a kanta ya fi saurin yin ɓarna. Nama mai kauri yana da romonsa, ƙwai a kansa ƙari ne kawai. Wanda aka baje kuwa ya sayar da romo ya sayi ƙanzo, ya dahu har ciki, yana buƙatar wani abu mai laushi da maiƙo da zai jiƙa loma. Gwaiduwa ta san wannan aiki. Idan ta fashe ta bi tsattsagin naman, ta haɗu da gishiri da ɗacin ƙonuwa kaɗan, babu wata miya ta kwalba da za ta kama ƙafarta.

Matsalar ita ce nama da ƙwai ba wuta ɗaya suke so ba. Farin ƙwai yana fara kamewa da zafi ya ɗan haura digiri 60, gwaiduwa kuma ta daskare wajen digiri 70. Ka fasa ƙwai a inda ka danne nama, gindinsa zai ƙone ya zama roba, samansa yana nan da yauƙi. Gwanin tuya yakan raba ƙarfensa biyu, gefe ɗaya wuta ta ci, ɗaya gefen a sassauta. Kuma abin da yawancin masu koyo ba sa lura da shi, ƙwai ya fi naman daɗewa. Naman minti biyu ya ishe shi gaba da baya, ƙwai yana son wajen uku. Don haka ƙwai ake fara fasawa, a ɗan kifa masa murfi ko a riƙa ɗibar kitse mai zafi ana zuba wa farin, sannan a ɗora curi. Wanda ya soya nama ya ajiye yana jiran ƙwai, tururi ya riga ya jiƙa masa ƙanzon da ya sha wahala a kansa. Ana juya naman a ɗora yankan cuku, irin na Amurka mai narkewa sumul ba tare da ya tsinke ya fitar da mai ba, sai ƙwai ya hau kan cukun, burodin da aka ɗan gasa cikinsa da bota ya rufe.

Sai batun nunar gwaiduwa, inda nake rabuwa da masu ɗaukar hoto. Su suna son ta tsinke ta kwarara har gwiwar hannu, domin haka ta fi kyau a waya. Amma gwaiduwar da ta ƙare a faranti ba a ci ta ba, kuma burodin ƙasa ya riga ya zama dambu. Wadda ta fi ita ce mai kauri kamar zumar hunturu, tana motsi amma ba ta gudu. Akwai kuma batun lafiya, wanda Amurkawa suka koya da hawaye. A 1993 bogar da ba ta dahu ba a shagunan Jack in the Box ta sa wa mutum sama da 700 ƙwayar cutar E. coli, yara huɗu suka rasu. Hukumar noma ta ƙasar tana ba da shawarar niƙaƙƙen nama ya kai digiri 71 a tsakiyarsa, bogar dannawa kuwa da wuya ta kasa kai wannan saboda sirantarta. Sai ga shi an kawar da haɗari ta ƙofar nama, ana neman shigo da shi ta tagar ƙwai. Ga ƙaramin yaro da mai juna biyu da tsoho, gwaiduwa ta dahu sarai.

Abin da ya fi damuna da yayin yanzu shi ne tuli. Faifan nama uku, cuku uku, ƙwai, soyayyen dankali, miya kala biyu, a soke da tsinke don kada ginin ya rushe. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Abincin da aka ƙirƙira don nama kaɗan ya yi magana da ƙarfi, an cika masa baki har ba a jin muryarsa. Idan ƙwai ya hau, mayonis ya sauka, domin shi ma gwaiduwa ce da mai. Abin da lomar ke nema bayan wannan maiƙo shi ne tsami da ɗan kaifi: yankan kokwamba mai tsami biyu ko uku, ɗanyar albasa, ko shafin mastad.

Yanzu ana samun ta a gidajen abinci a Abuja da Kano, kuma hannunmu ba baƙo ba ne a wannan aiki. Mai tsire ya san dalilin feɗe nama fale-fale kafin ya ga wuta, mai shayi kuma ya fi kowa sanin lokacin ƙwai, ko da yake shi kaɗawa yake yi da albasa da attarugu, don yawancinmu gwaiduwa mai motsi ɗanya muke ce mata. Inda ake tuntuɓe shi ne kitse. Amurkawa suna son kashi 20 cikin 100 na naman ya zama kitse, shanunmu kuwa masu tafiyar ƙasa ne, tsokarsu a tsaye take. Idan ka niƙa zallar tsoka ka danne, abin da zai fito ya fi kusa da kilishi mara yaji. Ni nakan ce wa mahauci ya haɗa mini da tozo, a niƙa sau ɗaya da manyan ramuka, kuma ba na cuɗa naman ko sa masa gishiri kafin ya hau wuta, don gishiri da cuɗawa suna sa ya yi danƙo kamar tsiran Turawa.

Kwanan baya na yi odar guda ɗaya aka kawo mini a babur, cikin kwali rufe ruf. Tafiyar ba ta fi ta minti ashirin ba. Da na buɗe, murfin ya yi gumi, leshin bakin naman ya kwanta laɓaɓa, gwaiduwar ta ƙarasa dahuwa a hanya ta koma gari. Kayan haɗin duk suna nan, an kuma dafa su daidai, amma ƙanzon ya tafi. Washegari na je shagon da kaina, na tsaya kusa da ƙarfen, na karɓa daga hannun yaron tun takardar tana ƙona yatsu. Lomar farko sai da na ji ƙarar ɓawon a haƙorina, kafin gwaiduwar ta iso.