Masu Kwashe Muryar Ogan Bututu Bayan Bututu

A unguwar Moseley da ke birnin Birmingham na Ingila akwai wata majami'a mai suna St Anne, a cikinta kuma akwai ogan da kamfanin Brindley da Foster ya ƙera a 1907. Ogan ne matsakaici, wanda da wuya sunansa ya fita unguwar, amma yau ana kaɗa shi a ɗakunan mutane a ƙasashe da dama. An bi bututansa ne ɗaya bayan ɗaya aka naɗi muryarsu, aka haɗa da manhajar Hauptwerk, wadda wani ɗan Ingila mai suna Martin Dyde ya rubuta ya fitar a 2002. Duk wanda ya ɗora manhajar a kwamfutarsa, da wannan ogan take zo masa. Masu wannan aikin naɗa sun cancanci a san su, domin sana'a ce ta haƙuri da kaifin kunne da ba kowa zai iya ba.

Ogan na asali iska ce ransa. Kowane bututu tamkar sarewa yake wadda ba a huda mata ramukan yatsu ba, murya ɗaya tak yake fitarwa. Saboda haka kowane maɓalli yana da bututunsa, kuma kowane launin murya yana da jerinsa na daban: wani jeri na katako, wani na kuza gauraye da dalma, wani mai belu a ciki. Jeri 30 a kan maɓallai 61 ya ba da bututu 1,830 ke nan, babban ogan na Notre-Dame a Paris kuwa yana da kusan 8,000. Mafi tsawo yakan kai ƙafa 32, yana girgiza iska kamar sau 16 a daƙiƙa, abin da ƙirji ke ji kafin kunne. Irin wannan kaya ba a ɗaukarsa a kai wani wuri. A jikin gini ake kafa shi, kuma amsa-kuwwar ginin tana cikin muryarsa.

Mai naɗa yakan shiga majami'a da tsakar dare, lokacin da motoci suka ɗauke ƙafa. Zai kafa makirfo kusa da bututan, wasu a tsakiyar zaure, wasu can baya. Sai a buɗe jeri ɗaya, a danna maɓalli ɗaya, a riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, a saki, a yi tsit har amsa-kuwwa ta mutu. Sannan na gaba. In ƙararrawar hasumiya ta buga, ko jirgi ya gifta, ko katakon benci ya yi ƙara don sanyi, wannan ɗauka ta lalace, sai a sake. Haka za a kwana ana yi, dare bayan dare.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke rarrabe muryar bututu guda kashi uku. Akwai farawa, wato ɗan hucin da bututu ke yi kafin murya ta zauna, wanda a nan ake gane hannun maƙerin da ya yanka bakinsa. Akwai tsakiya, inda murya ta miƙe. Ogan ba ya gajiya, muddin yatsa na kan maɓalli yana nan yana kuka, don haka dole a nemo wurare biyu a cikin abin da aka naɗa da za a ɗinke su, sauti ya riƙa zagayawa ba tare da kunne ya ji ɗinkin ba. In aka kuskure da ƙanƙanin abu, sai a ji ƙas, ƙas, a kowane zagaye. Ƙwararru sukan ajiye zagaye da yawa a bututu ɗaya, manhaja ta riƙa zaɓa, don kada muryar ta zama ta inji. Na uku shi ne saki, wato abin da ginin ke mayarwa bayan an ɗaga yatsa. Wanda ya taɓa maɓalli ya ɗage nan take bai ba zauren lokacin cika da sauti ba, amsa-kuwwarsa ba za ta yi daidai da ta wanda ya riƙe ya daɗe ba. Shi ya sa ake naɗar saki gajere, matsakaici da dogo, manhaja kuma ta auna tsawon riƙon makaɗi ta fito da wanda ya dace. Har ƙarar katakon maɓalli da gurnanin injin iska ana naɗarsu daban, mai so ya kunna.

Bayan haka sai watannin zama gaban kwamfuta ana tace hayaniya ba tare da an kankare muryar ba. Manyan tarin muryoyin da aka naɗa sukan ci gigabait 64 ko fiye na ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ta wannan hanya Jiří Žůrek na ƙasar Cek, mai kamfanin Sonus Paradisi, ya kwaso ogan ɗin 1885 na maƙeri Cavaillé-Coll da ke Caen a Faransa, kamfanin Milan Digital Audio kuma, wanda Hauptwerk ta koma hannunsa daga baya, ya kwaso na maƙeri Willis da ke babbar majami'ar Salisbury.

Sai batun saiti, wato daidaita tazarar da ke tsakanin muryoyi, wanda a ganina nan ne manhajar ta yi abin da ogan na gaske ba zai iya ba. Masu waƙar coci sun san do, re, mi. Daga do zuwa do na sama girgiza ninkawa take yi, masana kuma sun raba wannan tazara ɗigo 1,200. Daga do zuwa so, in an saita tsaf, ɗigo 702 ne. Ka hau irin wannan mataki sau 12, ya kamata ka dawo kan do, amma sai ka tarar ka zarce da ɗigo 23 da rabi. Wannan rara ba ta ɓacewa, dole a san inda za a cusa ta. Saitin zamani, na piyano da kibod, yana raba ta daidai wa daida, ya rage ɗigo 2 a kowane mataki. Kowace waƙa za ta kaɗu daga kowane maɓalli, amma tazarar do zuwa mi ta zama 400 maimakon 386. A piyano sauti na saurin mutuwa, ba a cika lura ba. A ogan kuwa, da yake murya na tsayawa, sai ka ji do da mi suna rawa suna gogar juna.

Mutanen zamanin da ba haka suke saiti ba. Saitin da Pietro Aaron ya bayyana a Italiya a 1523 yana matse do zuwa so da ɗigo 5 da 'yan kai, don a sami tazarar do zuwa mi guda takwas masu tsabta, lafiya lau, babu rawa. Kuɗin da aka biya shi ne tazara ɗaya da ta buɗe fiye da kima har ba ta sauraruwa, Turawa suka sa mata suna kerkeci saboda kukanta. Makaɗa irin su Sweelinck na Amsterdam da Frescobaldi na Rum da wannan saiti suke aiki, sun san inda daɗi yake da inda ɗaci yake, suna kuma taka ɗacin da gangan kafin su sauka kan daɗin. A saitin zamani wannan dabara tasu takan dushe. A 1691 Andreas Werckmeister na Jamus ya wallafa saitin da ya kashe kerkecin, kowane maɓalli ya kaɗu amma kowanne da ɗanɗanonsa.

Sauya saitin ogan na gaske aiki ne na yanka bututu ko ƙara masa tsawo, kuma tsofaffin ogan da yawa a Turai sun rasa saitinsu na asali ta haka. Manhaja kuwa ɗan sauri ko jinkiri kawai take ƙara wa muryar kowane bututu, cikin ƙiftawar ido an koma 1523, ba a taɓa ƙarfen kowa ba. Wanda ya fi so ma yana iya barin bututan yadda aka same su a daren naɗa, da 'yan karkace-karkacensu.

Lasifika ba za ta girgiza ƙasa kamar bututu mai ƙafa 32 ba, masu aikin ma ba su ce za ta yi ba. Amma ɗalibin da ba shi da ogan a garinsu ya sami abin koyo na gaske. Akwai manhajar GrandOrgue kyauta, Piotr Grabowski na Folan kuma yana ba da wasu tarinsa kyauta, har da ogan ɗin Friesach na Ostiriya. Mai karatu, in kana da kibod mai MIDI da kwamfuta, ka ɗora su, ka danna do da mi tare ka riƙe, sannan ka sauya daga saitin zamani zuwa na Aaron, ka ji bambancin da kunnenka.