Doron da Ke Ƙarƙashin Tsirkiya

Wanda bai saba da jitar bes ba zai rantse cewa allon da yatsu ke takawa a wuyanta shimfiɗaɗɗe ne. Ba haka ba ne. Yana da ɗan doro daga gefe zuwa gefe, irin wanda ake yi wa titi don ruwa ya gangare, kuma a kan wannan doron ne ake gane gwanin gyaran jita.

Da inci ake auna shi. A ɗauka an ci gaba da zana lanƙwasar allon har ta rufe ta zama da'ira: nisan tsakiyar da'irar zuwa bakinta shi ne lambar. Don haka ƙaramar lamba doro mai tudu ke nan, babba kuwa allo ya kusa miƙewa. Precision Bass da Leo Fender ya fitar a Amurka a 1951 inci 7.25 gare ta. Yawancin na kamfanin Fender na yanzu 9.5 ne, wasu maƙera kuma suna kai wa 12 ko 16.

Gwani ba ya yarda da lambar da ke takarda. Tsohuwar jita ta sha hannu, wataƙila wani ya taɓa goge allon lokacin da ya sake mata ƙarafan da ke gitta wuya. Sai ya ɗauko ma'aunansa, ƴan fale-falen ƙarfe da aka yanke wa baki daidai da kowace lanƙwasa, ya ɗora ɗaya a kan allon, ya sa fitila ta baya, ya sunkuya. In haske ya ɓullo ta tsakiya, ma'aunin ya fi allon doro. In ya ɓullo ta gefe biyu, ma'aunin yana rawa a tsakiya, to allon ne ya fi. Haka zai yi ta sauyawa har hasken ya ɗauke ɗif. Kuma sai ya gwada sama da ƙasa, don akwai wuyan da ke farawa da tudu kusa da kai, ya riƙa bajewa yana gangarowa.

Duk wannan wahala saboda tsirkiyoyi huɗu ne. Bayan ya ɗaure su ya daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuya, sai ya saita tsayin na gefe biyu, E da G. Daga nan ya zura ma'auni ta ƙarƙashinsu kusa da jakin da suke hawa a jikin jitar, ya ɗago shi a hankali, ya riƙa murɗa ƴan sukurorin na tsakiya biyu, A da D, da alanki, kwata-kwatan juyi, har huɗun su taɓa ƙarfen tare. Wannan wurin ne ya fi burge ni. Idan aka bar na tsakiya suka yi ƙasa, za su riƙa dukan ƙarafan suna ziza. Idan suka yi sama, makaɗi zai ji hannunsa na gajiya bai san dalili ba, ya ɗora wa kansa laifi.

E mai kauri ce, ta fi lilo idan an kaɗa ta, shi ya sa ake ɗan ɗaga ta fiye da G, bakan tsirkiyoyin ya ɗan karkata. Nawa za a ɗaga, wannan sai gwani ya miƙa wa mai jita kayansa ya ce, "Kaɗa mu ji." Mai nauyin hannu a ƙara masa tsayi, mai sanyin hannu a sassauto masa, sannan a sake ɗaure tsirkiya a bi wuyan gaba ɗaya ana saurare.