Shata da Dandali: Ina Matanin Waƙar Yake?

A Daura aka binne Alhaji Mamman Shata a 1999, garin Sarki Muhammadu Bashar, ubangidan da ya daɗe yana wasawa. Ya shafe fiye da rabin ƙarni yana waƙa, amma bai bar diwani ba, domin dandali ne allonsa. Gindin waƙa kan tsaya, ɗiyanta kuwa nan take yake ƙaga su gwargwadon mutanen da ke gabansa, kalangu na bi, 'yan amshi na karɓa. Shi ya sa Bakandamiya take da fuskoki da yawa. Manazarcin da ya juye rerawa guda a takarda ya kira ta matani ya tauye mawaƙin. Wajibi ne ya saurari rerawa daban-daban, ya kwatanta, kafin ya yanke hukunci kan salonsa.