A daina ce wa ɗinkin matan Inuwit zanen yara

Jiya ma sai da aka sake yi min. Na nuna wa wata ƙawata hoton ƙyallen bango na Marion Tuu'luq a waya, ta ɗan leƙa ta ce, "Kai, abin sha'awa, kamar zanen 'yan firamare!" Ita a ganinta yabo ta yi. Ni kuwa har na kwanta abin yana ci na.

Kun dai san yadda nake da ƙyallayen matan Inuwit na Baker Lake, can Nunabut a arewacin Kanada. Tun da hotunansu suka fara yawo, yabon guda ne: wai sauƙin kai, wai yarinta. Yarinta ina? An haifi Tuu'luq a 1910, ta yi shekaru tana ɗinka wa iyalinta tufafin fatar karibu, barewar can, da zaren jijiya, a ƙasar da ɗinki in ya saki sanyi zai iya kashe mutum. Sai bayan yunwar shekarun 1950 ta koro mutane cikin gari ne hannayen nan suka koma kan bargon ulu. Wannan hannun za a ce na yaro?

Ku ƙara girman hoton ku duba. Kowane mutum, kowane tsuntsu, yanko shi aka yi daga wani ƙyalle aka ɗora, aka bi gefensa da allura, sannan aka cike jikinsa da zare sahu-sahu har gashin dabba ya fito. Mu da muke juya babbar riga mu duba bayan aska takwas kafin mu taya, bai kamata wannan ya wuce mu ba.

Da an ga mutum da kan kerkeci kuma sai a yi dariya, wai mai ɗinkin ba ta iya zana fuska ba. Irene Avaalaaqiaq da gangan take yi. Kakarta ce ta rene ta, ta ba ta labaran da mutum ke rikiɗa ya zama dabba, su take ɗinkawa. Jessie Oonark kuwa, wadda ta cika aikinta da wuƙar mata mai siffar jinjirin wata (sunanta ulu a harshensu, mu kuma zaren muke kira haka, kun ji ikon Allah), a 1973 ta yi ƙyalle mai faɗin mita 6 da aka rataya a Cibiyar Fasaha ta Ƙasa a Ottawa. A nemo min ɗan firamaren da zai yi wannan.

To, na yarda, a fuskar waya zare ba ya fitowa, launi kawai ake gani. Ni ma ganina na farko ban tsaya ba, wucewa na yi. Amma ai ban buɗe baki na ce komai ba.

Ƙawar tawa dai na tura mata hoton kusa, inda ake iya ƙirga sawun allura ɗaya-ɗaya. Ta buɗe tun safe, har yanzu shiru.