Ɗan Kallo a Matsayin Matarki: Laƙabi da Hirar Fim a Kano

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar tarken fim, hankalin ɗalibi yakan tafi ga abin da masana suka rubuta a mujallu da kundaye. Ba kasafai ake waiwayar ɗan kallo ba, wato wanda ya shiga silima don nishaɗi kawai, ya fito yana ba da labari a teburin mai shayi. Wannan takarda ta dubi irin sanin da yake tarawa game da 'yan wasa da finafinai, domin nuna cewa akwai hukunci irin na tarke a cikin hirarsa, sannan ta nuna inda hukuncin ya gaza.

2.0 Tushen Al'adar

An buɗe gidan silima na Rex a Kano a shekarar 1937, daga baya irin su Palace da Plaza da Orion suka biyo. Tun daga shekarun 1950 'yan kasuwa mutanen Labanan suka fara shigo da finafinan Indiya, suka kuwa samu karɓuwa ƙwarai. Masu kallo ba su jin Indiyanci. Ta hanyar maimaita kallo da muhawara bayan an tashi suke warware zaren labari, kuma a nan ne sanin ɗan kallo ya samo asali.

3.0 Laƙabi a Matsayin Hukunci

Larkin (1997) ya kawo wasu laƙubba da Kanawa suka raɗa wa jaruman Indiya. Dharmendra shi ne "Sarkin Ƙarfi", Sanjay Dutt "Ɗan Daba Mai Lasin", Rishi Kapoor kuwa "Mace". Kowane ɗaya taƙaitaccen sharhi ne. Na farko an gina shi bisa tsarin sarautun sana'a, kamar Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera, wato an ba baƙo gurbi a cikin tsarin Bahaushe. Na biyu ya haɗa abu biyu masu karo da juna, daba da izini, ya kuma bayyana irin tauraron da ke zubar da jini amma zuciyar mai kallo tana tare da shi. Na uku zambo ne, yana nuna ma'aunin mazantaka da aka ɗora wa jarumin da ya fi fitowa a soyayya da rawa.

Haka ma labarin bayan fage. Tsofaffin 'yan kallo sukan ba da labarin cewa Sunil Dutt, wanda ya fito a matsayin ɗan Nargis a fim ɗin Mother India (1957), shi ne ya aure ta a 1958, suka haifi Sanjay Dutt. Mai jin daɗin wannan labari ya riga ya bambance ɗan wasa da rawar da ya taka, wanda shi ne matakin farko a nazarin wasan kwaikwayo.

4.0 Tasiri da Rauni

Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, finafinan bidiyo na Hausa sun tarar da masu kallo da idonsu ya buɗe. Su ne kan gane "wankiya", su ce Khusufi daga Taal (1999) aka ɗauko shi, So kuma daga Mohabbatein (2000). Kwatanta aiki da tushensa tarke ne, ko da ba a kira shi da sunan ba. Mujallar Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, ta ba irin wannan muhawara fili a rubuce.

Sai dai sanin ɗan kallo ya fi tsayawa a kan fuska. Wanda ya haddace rawar da Amjad Khan ya taka a Sholay (1975) da wuya ya ambaci Ramesh Sippy da ya ba da umarni, balle Salim Khan da Javed Akhtar da suka rubuta labarin. Wannan ya shafi kasuwar fim ɗin Hausa, domin furodusa yakan zuba kuɗi a kan jarumi da waƙa, marubuci ya tashi da abin da ya rage. Rauni na biyu shi ne cuɗanya gaskiya da jita-jita, abin da ya fi cutar da 'yan wasa mata.

5.0 Kammalawa

An ga cewa hirar ɗan kallo tana ɗauke da laƙabi da zambo da kwatance, waɗanda duk kayan adabin baka ne. Yawancin tsofaffin gidajen silima sun rufe, kallo ya koma waya, waɗanda suka san zamanin Plaza kuma suna ta manyanta. Ya kamata ɗalibai su tattara wannan taska daga bakin masu ita tun da sauran lokaci. Tun da Hausawa sun bazu a zangunan Afirka ta Yamma, zai yi amfani a kwatanta laƙubban Kano da abin da za a samu a bakin Hausawan Sokode da Dapaong a ƙasar Togo.